Al'adar Tiki

Al'adar Tiki wani salo ne na ƙawata gidajen abinci da mashaya wanda ya samo asali a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1930. Ana gane shi da adon gora, rufin ciyawa, ragar kamun kifi da sassaƙaƙƙun gumaka. Duk da cewa yana kwaikwayon tsibiran Polinesiya, ba mutanen tsibiran ne suka ƙirƙiro shi ba.

Asalin suna

Kalmar tiki daga harsunan Polinesiya take. A tatsuniyoyin kabilar Maori, Tiki shi ne mutum na farko da aka halitta, kuma ana kiran siffar mutum da aka sassaƙa da wannan suna.

Tarihi

Ernest Gantt, wanda daga baya ya koma Donn Beach, shi ne ya buɗe mashayar farko a Hollywood, bayan an soke dokar hana sayar da giya a 1933. Ita ce ta shahara da sunan Don the Beachcomber. Ya dogara ne da rum, giyar rake ta yankin Karibiyan, saboda arharta, abincin kuwa na Kanton ne ta kudancin Sin. Wato kusan babu abin da ya fito daga Polinesiya sai adon bango. Donn ya ɓoye sirrin haɗe-haɗensa ta hanyar sa wa kwalabe lambobi, don kada ma'aikata su kai wa abokan hamayya.

Victor Bergeron ya buɗe Hinky Dink's a Oakland a 1934, sannan ya mayar da shi Trader Vic's. Ya ce shi ya ƙirƙiro abin sha na Mai Tai a 1944, amma Donn ya musanta. Sunan daga maita'i ne, wato "mai kyau" a harshen Tahiti.

Salon ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da sojoji suka dawo daga Tekun Pasifik, ya ƙara ƙarfi da Hawai ta zama jiha a 1959. An buɗe Mai-Kai a Fulorida a 1956 da Kahiki a Ohayo a 1961.

Daga shekarun 1970 kasuwar ta faɗi, aka rufe wurare da dama. An rushe Kahiki a 2000, shekarar da littafin Sven Kirsten, The Book of Tiki, ya fito ya taimaka wajen farfaɗo da salon.

Suka

Wasu 'yan asalin tsibiran Pasifik suna sukar yadda ake mayar da siffofin da kakanninsu ke girmamawa kofunan shan giya.