Dauɗar sabulu a banɗaki

Dauɗar sabulu wani farin datti ne, ko mai ruwan toka, da ke manne wa daɓen banɗaki da bango da bokiti da baho bayan an jima ana wanka da sabulu a wurin. Da fari yana da laushi da santsi, amma idan ya bushe sai ya yi tauri, ruwa kaɗai ba ya fitar da shi.

Yadda take samuwa

Ana haɗa sabulu, har da sabulun salo, daga mai ko kitse da soda ko ruwan toka. Idan ya haɗu da ruwa mai yawan sinadaran kalsiyam da maginiziyam, sai wani ɓangarensa ya koma gudaji-gudajin da ba sa narkewa. Su ne suke haɗuwa da maiƙon jiki da ƙura su zauna a ƙasa. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka tana ɗaukar ruwan da ke da waɗannan sinadarai sama da miligiram 120 a lita ɗaya a matsayin mai tauri. Ana iya gane shi a gida: idan aka girgiza shi da ɗan sabulu a kwalba, ba ya kumfa sosai, sai dai ya yi dishi-dishi. Omo da sauran sabulun gari na kamfani ba su cika barin wannan dauɗa ba.

A yankin Haɗejia

A garin Haɗejia da garuruwan fadama irin su Auyo da Guri da Kiri Kasamma a Jihar Jigawa, ana samun ruwan wanka daga famfo da rijiya da burtsatse da kuma kogin Haɗejia. Yawan sinadaran ya bambanta daga wata rijiya zuwa wata. Da damina ruwan kogi yakan taho da laka, wadda ke ƙara wa dauɗar kauri, da hunturu kuma ƙura ce ke yin wannan aikin. Daɓen siminti, wanda aka saba yi wa makewayi, yana riƙe ta fiye da tayil saboda kaushinsa.

Ƙasar yankin shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya saurin gangarewa. Idan dauɗa da gashi suka toshe rariya, ruwan wanka yakan kwanta, gansakuka ta fito, sauro ya samu wurin hayayyafa. Santsin da take jawowa kuma yana kayar da mutane, musamman tsofaffi da masu juna biyu.

Rigakafi

Hana ta taruwa ya fi cire ta sauƙi. Ana ɗauraye daɓe da bokiti bayan kowane wanka, a kore ruwan da tsintsiya zuwa rariya. Ana ajiye sabulu a mazubi mai huda don kada ya jiƙe. Ruwan kogi kuwa ana barin shi ya kwanta kafin a ɗiba. Wajen wankin bokiti da tufafi, ɗan jiƙon kanwa yana rage taurin ruwa, domin yana sa kalsiyam ya kwanta.

Hanyoyin cirewa

Abu mai tsami yana narkar da dauɗar. Ana shafa ruwan khal ko na lemon tsami ko jiƙon tsamiya, a bar shi na ɗan lokaci, sannan a goge da soso ko buroshi a ɗauraye. Tsami yana cin siminti a hankali, don haka a daɓen siminti an fi amfani da toka ko omo da ruwan ɗumi.

Gargaɗi

Ba a haɗa bilic irin su Hypo ko Jik da ruwan khal ko ruwan wanke masai mai asid. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba, wadda ke ƙona ido da huhu, musamman a banɗakin da ba shi da taga.