Madubin leza mai hango mayalin a ƙwaƙwalwa mai rai

Mayalin wani kitse ne da ke naɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa, tamkar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. Da shi ne saƙon jijiya kan yi gudun da ya kai mita 100 a daƙiƙa guda. Idan ya zaizaye, kamar yadda yake faruwa a cutar maltiful sikilerosis, gani da tafiya kan raunana.

A da, ba a iya duba shi dalla-dalla sai a yankakken naman ƙwaƙwalwa. A shekarar 1990, Winfried Denk da James Strickler da Watt Webb na Jami'ar Cornell da ke Amurka suka ƙera madubin ƙara girma mai aiki da hasken leza, wanda daga baya aka kai zurfin hangensa kusan milimita ɗaya. Masu bincike kan dasa ɗan gilashi a ƙoƙon kan ɓera, su riƙa duba jijiya guda tsawon watanni.

Ta haka aka ga ƙwaƙwalwar ɓera na ci gaba da yin sabon mayalin bayan ya girma, abin da ya ƙarfafa neman magungunan gyara shi. Ga ɗan'adam kuwa, hoton MRI likitoci suke dogaro da shi.