Wunti ko Wuntin Dada? Sunayen da mai keke ke ji da waɗanda taswira ta sani

'Yan uwa ɗalibai, musamman sabbin shiga, ku ɗan zauna mu yi tarihi kaɗan. Zai rage muku asarar kuɗin keke.

A birnin New York jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa suna da launi a jikin taswira, amma ɗan gari da lamba ko harafi yake kiransu. Da ka ambaci launi an gane baƙo ne kai. Wasu tsofaffi ma har yanzu IRT da BMT suke cewa, sunayen kamfanonin da hukumar birnin ta karɓe tun 1940. Mu a Bauchi ba mu da irin wannan jirgi, Keke Napep ne da acaba, amma lamarin ɗaya ne. Baƙo ya buɗe Google Maps ya ce a kai shi Ahmadu Bello Way, mai keke ya waiwayo ya ce "Ta ina, yallaɓai?"

Mu fara da Wunti. Kafin kasuwa, kafin shataletale, ƙofa ce. Sarki Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, ya taso daga Inkil ya kafa birnin nan a 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi: Wunti, Ran, Jahun, Nasarawa, Wase da sauransu. Ganuwar ta zaizaye, gidaje sun cinye wurare da dama, amma duk safiyar Allah mai keke na kwala "Wunti! Wunti!" Ni a ganina ba littafin da ya adana sunan ƙofar nan kamar maƙogwaron masu keke, kuma ko sisi ba a biya su ba.

Turawa sun ci Bauchi a 1902, gari ya fara fita bayan ganuwa. Sunayen wannan zamani ba su da wahala, hanya da inda ta nufa ake kiranta: hanyar Jos, hanyar Dass, hanyar Ningi, hanyar Gombe. Jirgin ƙasa ya iso a 1961 a aikin layin Borno, ya kai Maiduguri a 1964. Yau wa ya ga jirgin fasinja? Amma ka ce "Railway", ba mai tambayarka ina ne.

Sai namu na makarantu, inda aka fi shan wahala. Jami'armu an buɗe ta a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka liƙa ta ƙarƙashin ABU Zariya a 1984, sai a 1988 ta tsaya da ƙafarta da sunan ATBU. Wannan duk a takarda ne. A titi tambaya ɗaya ce: Yelwa ko Gubi? Kuma Yelwan ma ba ɗaya ba ce, akwai Yelwan Tudu, Yelwan Makaranta, Yelwan Kagadama. Mai zuwa Federal Poly kuwa Gwallameji zai ce, a wuce wurin.

Tarkon da ya fi kama baƙi shi ne Wuntin Dada. Can take hanyar Jos, wajen Tatari Ali Poly, tafiya ce tsakaninta da Wunti ta cikin gari. Na ga wata sabuwar ɗaliba da akwati da bokiti an sauke ta a bakin kasuwar Wunti tana neman ƙofar makaranta, alhali ranar ce ta ƙarshen rajista. Kalma ɗaya ta yanke. Mai keken bai cuce ta ba, inda ta ce ya kai ta.

Don haka idan ƙaninka ko ƙanwarka na tafe bana, kar ka tura musu sunan titi kawai. Faɗa musu abin da za su ce wa mai keke, da cikakken suna, da inda za su sauka su canja wani. In kuma kun san wani suna da taswira ba ta da shi, ku ajiye mana a ƙasa, ina tattarawa.