Shekarun Bushiya: Yadda Maƙwabta Suka Haɗa Kai Suka Kawar da Annobar Shanu



Kwanakin baya aka kawo wata ƙara zauren Sarkin Hausawan garinmu, a nan arewacin Kamaru, inda muke riƙe da littafin sulhu da wasiƙu. Wata baiwar Allah ce mai rainon marayu ta sayi awaki biyu a kasuwa ta haɗa su da nata. Kafin kwana goma bakwai sun mutu, bayan majina da gyambon baki da zawo. Ana cikin sauraron dillalin da ya sayar mata, sai wani dattijo cikin mahauta ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ƙanwar bushiya ce." Samarin da ke bakin ƙofa suka dubi juna, domin bushiyar da suka sani ita ce 'yar dabbar nan mai ƙaya. A nan muka gane cewa wani babban babi na tarihinmu yana neman ɓacewa, muka ga ya kamata a rubuta shi.

Bushiya cuta ce ta shanu da ɓauna da wasu namun daji, kuma masana sun tabbatar da cewa ƙwayarta dangin ta ƙyanda ce, sai dai ba ta kama mutum. Takan fara da zazzaɓi, idanu da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo har saniya ta kasa kiwo, daga nan zawo mai wari ya biyo baya. Cikin mako guda zuwa biyu an gama. Idan ta faɗa garken da bai taɓa saninta ba, da wuya a tsira da ɗaya cikin goma.

Babbar annobar ta shigo Afirka a 1887 ta tashar jiragen ruwa ta Masawa, a ƙasar Iritiriya ta yau, tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo domin abincinsu. Ta cinye Habasha, ta bi ta Sudan, wajen 1890 zuwa 1891 ta iso ƙasashen Tafkin Chadi da ƙasar Hausa. Wani Bafaranshe mai suna Monteil, wanda ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891 ya isa Kukawa a 1892, ya ba da labarin ɓarnar da ya gani a hanyarsa. Fulani suka sa wa annobar suna Sannu, wato kalmar da ake yi wa mai rashi jaje da ita. Mutumin da bara ya fitar da zakkar shanu, bana ya koma cikin masu karɓa. Da ta sake dawowa a 1913 zuwa 1914 aka kira ta Gamagari.

Kowa ya san saniya ta Bafulatani ce, amma da yawa daga cikin kakanninmu da suka zauna Garwa da Marwa da Ngaundere, har zuwa Yawunde da Duwala, a jikinta suke ci. Akwai mahauci da dillali da mai kora, akwai majemi da baduku, akwai mai tsire da mai kilishi. Ranar da garke ya faɗi a daji, tukunyar Bahaushe a birni takan ji a jikinta.

Turawan mulki sun yi nasu ƙoƙarin, amma kowa a cikin shingensa. Ingila ta kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924, kuma yaƙi da bushiya ne aikinsa na farko. Faransa ta gina nata a Farsha, gefen Fort Lami, wato Injamena ta yau, a farkon shekarun 1950. Magungunan farko suna da illa, domin wasu shanun kan mutu sanadin allurar kanta. Ga kuma tsoron jangali: makiyayi ya san duk wanda ya ƙidaya masa shanu yau, mai karɓar haraji na bayansa gobe, saboda haka sai ya kai rabi ya ɓoye rabi. Abin da ya fi duka wahala shi ne iyaka. Garken da ya yi damina a Chadi yakan yi rani a Kamaru, a sayar da shi a Najeriya. Ƙasa ta yi wa shanunta allura bana, baɗi cutar ta shigo mata daga maƙwabciya.

Mafita ta fito daga gabashin Afirka. A cibiyar bincike ta Muguga a Kenya, wani likitan dabbobi Bature mai suna Walter Plowright da abokan aikinsa suka yi ta rainon ƙwayar cutar a cikin ƙwayoyin ƙodar maraƙi, suna tashinta daga wannan kwalba zuwa waccan har kusan sau 90, sai da ƙarfinta ya karye. Ta daina kisa, amma jikin saniya yana ganinta ya koyi yaƙi da ita. Zuwa 1960 an sami allura mai arha, marar illa, wadda sau ɗaya ta isa ta kare saniya iya rayuwarta. Aibinta guda ne: ba ta jure zafi, dole a riƙe ta cikin sanyi tun daga ɗakin haɗawa har zuwa ruga.

A shekarar 1960 ɗin nan Kamaru da Nijar da Chadi da Najeriya suka sami 'yancin kai. Shekara ɗaya bayan haka, a 1961, shugabannin ma'aikatun dabbobi suka yi taro a Kano, suka amince da shiri guda wanda masu Ingilishi suka sani da JP15, masu Faransanci kuma PC15. A 1962 aka fara aiki, kuma waɗannan ƙasashe huɗu na kewayen Tafkin Chadi su ne zangon farko. Abin lura ne cewa likitan da ya yi karatu da Faransanci da wanda ya yi da Ingilishi, waɗanda a da ba su cika sanin aikin juna ba, suka zauna a kan taswira ɗaya suna bin burtalin shanu da mashaya da kasuwanni. Kuɗin aikin ya fito daga asusun raya ƙasashe na Turai da Amurka da wasu ƙasashe, tare da abin da gwamnatocin yankin suka zuba. Daga baya Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda aka kafa a 1963, ta karɓi jagorancin shirin.

Tsarin a bayyane yake. Kowace saniya a yi mata allura kowace shekara har shekara uku a jere, a lokaci guda a ɓangarorin iyaka biyu, don kada garke ya tsere wa masu allura ta hanyar ƙetarawa. Wadda aka yi wa, a huda mata kunne da wata alama mai kama da ganye mai kunnuwa uku, yadda malamin dabbobi a Kusiri ko Maiduguri ko Diffa zai gane ta da kallo ɗaya. Dakunan bincike irin su Vom da Farsha da na Dakar suka riƙa haɗa allurar, motoci suka shiga daji da firjin kananzir da akwatunan ƙanƙara. A Farsha har an haɗa allura guda mai kare bushiya da ciwon huhu tare. Dalilin maimaitawa shi ne maraƙi yakan sami kariya daga dakashin uwarsa, wannan kariyar kuwa takan kashe allurar idan an yi masa yana ƙarami, sannan ta gushe kafin ya shekara. Saboda haka kowace shekara akwai sababbin maruƙa da ke tashi ba su da garkuwa.

Shirin ya bazu yamma har Senegal, gabas har Habasha da Somaliya. Da aka rufe shi a 1976 ya ratsa ƙasashe 22, kuma a yawancinsu an daina jin labarin bushiya. Yarjejeniyar ita ce kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa maruƙanta allura da kuɗinta, ta kuma sanar da maƙwabta idan ta ga alamar cutar. A nan aka yi sake. Masu ba da tallafi suka tafi, farin shekarun 1970 ya kwashe abin da ke baitulmali, motoci suka lalace, firji suka mutu. Cutar kuwa tana nan a laɓe a wurare biyu: tsakanin Mali da Muritaniya a yamma, da kudancin Sudan da Habasha a gabas. Wasu hukumomi sun ga alamarta suka yi shiru don gudun a rufe musu kasuwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A farkon shekarun 1980 ta taso ta fuska biyu, ɗaya daga yamma, ɗaya daga Sudan ta ratso Chadi, suka haɗu a yankinmu. Shekarar 1983 ita ce mafi muni a Najeriya da arewacin Kamaru. Mu da muke yara a makarantar allo a lokacin muna tuna yadda iyayenmu mahauta suke dawowa gida da rana tsaka babu abin yi, da yadda Fulanin da suka saba kawo wa gidajenmu nono suka zo neman aikin gadi. Aikin shekara goma sha huɗu ya rushe cikin shekara biyu ko uku, alhali allurar tana nan da ingancinta.

Wannan karon an ɗauki darasi. A 1983 Kamaru ta kafa ɗakin bincikenta na ƙasa, LANAVET, a Bokle kusa da Garwa, wanda ya zama mai haɗa allurar dabbobi yana sayar wa ƙasashen waje. A 1986 ofishin kula da dabbobi na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da ke Nairobi ya ƙaddamar da sabon shiri mai suna PARC. Aka kafa cibiyar PANVAC domin gwada allurar da kowace ƙasa ta haɗa kafin a kai ta daji, saboda an gano cewa wasu kwalaben ba su cika sharaɗi ba. Aka koyi ɗibar jinin shanu a auna, a san ko allura ta kama. Aka yi shingen rigakafi a gabashin Chadi da Afirka ta Tsakiya don tare hanyar da cutar ke bi daga Sudan, wato shanun Chadi suka zama katangar shanun Kamaru da Najeriya da Nijar. Bayan 1988 ba a ƙara ganin bushiya a Afirka ta Yamma ba.

Sauran wuraren da ta laɓe su ne inda yaƙi ko nisa ya hana mota shiga. Wajen 1990 masu bincike suka gyara hanyar busar da allurar Plowright har ta iya yin wata guda babu firji. Sai aka horar da makiyaya da kansu a kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha, suka ɗauke ta a ƙafa da kan raƙumi. Likitoci kuma suka koyi zama a ƙarƙashin bishiya suna tambayar dattawan makiyaya yaushe suka ga cutar, a wace mashaya, daga wane garke. Sau da yawa bayanin makiyayi ne ya nuna wa ɗakin bincike inda zai duba. An ga bushiya karo na ƙarshe a 2001 a jikin ɓauna a Kenya. Bayan shekara goma ana sa ido, a 2011 hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Ita ce cuta ta biyu da aka taɓa yi wa haka, bayan agana a 1980.

To, mu koma kan ƙanwar da dattijon nan ya ambata. Gaskiya ya faɗa. Annobar awaki da tumaki, wadda malaman dabbobi ke kira PPR, gida ɗaya suka fito da bushiya. An fara bayyana ta a 1942 a Kwaddibuwa. Allurar da aka fi amfani da ita a Afirka an samo ta ne daga ƙwayar da aka ware a Najeriya a 1975, aka raunana ta a ɗakin bincike a Faransa, kuma LANAVET na cikin masu haɗa ta a yau. A taron Abijan na 2015 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da ita zuwa 2030. Wannan yaƙin ya fi na farko kusa da mu, domin akuya da tunkiya su ne asusun matanmu, su ne ragon suna da na layya, su ne kuɗin makaranta da na asibiti. Ya kuma fi wuya, saboda awaki suna saurin haihuwa da saurin canza hannu, kullum garke cike yake da sababbin da ba a yi wa allura ba.

Mu Hausawan wannan ƙasa ba mu da yawa, amma muna tsaye a mararraba. Dillalanmu suna Adumri da Marwa da Kusiri, suna da abokan ciniki a Mubi da Maiduguri da Injamena, kuma labarin ciwo yakan iso kunnensu kafin ya isa ofis. Dillalin da ya ga akuya tana majina ya tura ta wata kasuwa da sassafe, ya maimaita kuskuren da ya dawo mana da bushiya a 1983. Malamanmu sun karantar da mu yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can, sun kuma karantar da mu haramcin ɓoye aibi a ciniki. Abin da ake nema gare mu bai wuce wannan ba: a fito da dabbobi duka ranar allura, a ware sabuwar saye na 'yan makonni kafin a haɗa ta da na gida, a kuma sanar da malamin dabbobi idan an ga alama, ko da ciniki zai tsaya.

A zauren an yi sulhu. Dillalin ya amsa cewa ya ga majinar, ya mayar da kuɗin awaki biyun, jama'a suka yi karo-karo a kan sauran. Sarki ya umarce mu da mu rubuta wa ofishin dabbobi wasiƙa a zo a duba unguwar, mun kuwa rubuta. Wanda ke da tsoho a gida da ya ga shekarar 1983, ko ya taɓa ganin saniya mai hujin kunne, muna roƙonsa ya tambaye shi ya rubuto mana abin da ya ji a ƙarƙashin wannan rubutu, mu haɗa cikin littafin zaure.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare mana dukiyoyinmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya da maƙwabtansu. Wassalamu alaikum.