Kwalejin Katsina: Kafuwarta da Yadda Aka Ɗauki Nauyinta

Kwalejin Katsina, wadda ta fara karatu a shekarar 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya yi bikin buɗe ta ranar 5 ga Maris, 1922, ita ce makarantar gwamnati ta farko a Lardunan Arewacin Nijeriya da ta ɗara matakin firamare. An saba ba da tarihinta ta hanyar jero sunayen manyan mutanen da ta yaye, amma ƙanƙantarta, da irin ɗaliban da ta ɗauka, da aikin da ta shirya su dominsa, duk sun samo asali ne daga amsar da aka bayar ga tambaya guda, wato wane ne zai biya.

A Kudu ƙungiyoyin mishan ne suka fara kafa makarantun sakandare, tun daga wadda aka buɗe a Legas a 1859, suna gudanar da su da gudummawar coci da kuɗin makaranta da iyaye ke biya, daga baya gwamnati ta riƙa ba su tallafi gwargwadon sakamakon binciken sufetocinta. Wannan hanya a toshe take a ƙasashen sarakunan Musulunci, domin Gwamna Lugard ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, saboda haka aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Nauyin ilimin boko sai ya faɗo a kan gwamnatin da ba ta da yalwa, ba ta kuma da ɗokin kashe ɗan abin da take da shi a kan makarantu. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ita ta haifi makarantun lardi, amma bayan shekara goma sai ga shi babu isassun malamai 'yan ƙasa da za su koyar a cikinsu, ofisoshin gwamnati kuwa cike suke da akawuna daga Kudu da wasu ƙasashen gaɓar teku. Domin toshe wannan giɓi aka kafa kwalejin, kuma aikinta na asali shi ne horar da samari Musulmi har tsawon shekara biyar su koma lardunansu su koyar.

Zaɓen Katsina yana da dalilai da Clifford ya bayyana a jawabinsa, wato sunan da garin ya yi a fagen ilimi da addini, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, da kuma nisansa da layin dogo, wanda ya isa Kano a 1911 ya kawo hada-hadar ciniki da baƙi. Akwai kuma dalilin da ya fi kusa da harkar gudanarwa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906, ya yi fice a cikin sarakuna wajen karɓar sababbin abubuwa, kuma a masarautarsa ne Razdan Palmer ya fara gwada tsarin baitulmali, wanda aka yaɗa zuwa sauran masarautu wajen 1911. Baitulmali a wannan ma'ana shi ne asusun hukumar gargajiya, wato En'e, inda ake zuba kason masarauta na haraji da jangali, wanda da farko rabi ne, ɗaya rabin kuma ya tafi ga gwamnati. Daga nan ake biyan albashin sarki da hakimai da alƙalai da dogarai, daga nan kuma aka riƙa ɗaukar nauyin makarantun lardi.

A kan waɗannan asusai biyu kwalejin ta tsaya. Gwamnati ce ke biyan albashin malamai Turawa, waɗanda shugabansu na farko shi ne G. A. J. Bieneman, kuma wannan shi ne kaso mafi tsada, domin ban da albashi akwai gida da hutun zuwa Ingila da kuɗin jirgin ruwa. Ɗalibi kuwa En'en da ta turo shi ce ke ɗauke da shi, kuma ita ce ke jiransa ta ba shi aiki idan ya kammala. Wannan tsari ya sauke wa iyaye nauyi, abin da ya zama dole a lokacin da yawancinsu ke gudun boko, har a wasu wurare sai da tilas ake samun yara. Amma ya kuma ɗaure kwalejin da igiya, domin babu En'en da za ta tura yara fiye da guraben da za ta iya biyan albashinsu nan gaba, daidai ruwa daidai tsaki, kuma masarauta mai kauri a haraji ta fi ƙarama damar turawa. Da yake daga makarantun lardi ake zaɓen, inda 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e da na malamai suka fi yawa, sai kwalejin ta gaji wannan zubi ba tare da an rubuta shi a wata doka ba.

Tsimi ya bayyana har a jikin ginin. Da ƙasa da azara magina Katsinawa suka gina azuzuwan, ɗalibai kuma suka zauna a gidajen ƙasa irin na gari, suna sanye da tufafinsu na gida. Turawa sun fassara wannan da cewa gudun raba yaro da al'adarsa ne, kuma ba a musun cewa sun yi imani da hakan, sai dai kuma aƙidar ta zo daidai da abin da aljihu zai iya ɗauka. Inda ba a yi tsimi ba shi ne wajen koyarwa. An ba Ingilishi muhimmanci ƙwarai, musamman lafazi, tare da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, Larabci da addini kuma suna hannun malamai 'yan ƙasa irin su Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki. Ƙarancin ɗalibai ya sa kowannensu ya sami kulawar da babbar makaranta ba ta iya bayarwa, abin da ake gani a cikin waɗanda suka fito: Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida, da Ahmadu Bello wanda ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, da Abubakar Imam, da Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya gama a 1933. Dukansu da aikin malanta suka fara, kamar yadda aka tsara.

A 1929 aka haɗe sassan ilimi na Arewa da Kudu a ƙarƙashin darakta guda, E. R. J. Hussey, wanda ya kawo tsarin elemantare da midil da babbar kwaleji. An mayar da makarantun lardi midil, aka ɗaga Katsina zuwa babbar kwaleji da nufin ta riƙa shirya mataimakan likitoci da injiniyoyi da malaman gona, baya ga malaman makaranta. Sai dai wannan buri ya ci karo da karayar tattalin arzikin duniya, wadda ta karya farashin gyaɗa da auduga, ta rage abin da ke shiga asusun gwamnati da na En'e a lokaci guda. Aka rage ma'aikata, aka jinkirta gine-gine, ɗan abin da aka samu na ilimi mai zurfi kuma mafi yawansa ya tafi Kwalejin Yaba ta Legas, wadda aka buɗe a 1934. Nisan Katsina da layin dogo, wanda aka yaba a 1922, yanzu ya zama cikas ga makarantar da ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da kusanci da ma'aikatun gwamnati.

Sai a 1938 aka iya ɗauke ta zuwa Kaduna, inda ta koma Kwalejin Kaduna ta kuma karkata sosai zuwa ga sakandare ta gama-gari, a nan ne Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi karatu. A 1949 ta sake ƙaura zuwa Zariya, a 1971 kuma aka raɗa mata suna Kwalejin Barewa, tsohon gininta na Katsina kuwa aka mayar da shi gidan adana kayan tarihi.