Gaisuwa da Rashawa: Daga Kitabul Farƙi zuwa Mai Wurno

Garin Mai Wurno yana bakin kogin Bahar Azraƙ, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan. Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kafa shi wajen 1906, bayan Turawa sun kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, a Burmi cikin Yulin 1903. Shi tsatson Shehu Usmanu ne ta wajen Abubakar Atiku. Ke nan gidan da ya kafa garin ya gaji wata tsohuwar muhawara a kan abin da ya halatta mai riƙe da muƙami ya karɓa daga hannun talaka.

A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa al'adun sarakunan Haɓe da ya ƙi, ya kuma kira su da sunayensu na Hausa, duk da cewa da Larabci ya yi rubutun. Akwai tawasa, wato naman da ake karɓa a hannun mahauta, da kamuwa, wato kame dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki. Akwai kuma gaisuwa, abin da mutum kan miƙa kafin a sada shi da sarki. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta fi wahalar sha'ani, domin a bakin Bahaushe gaisuwa ladabi ce. Rashawa aro ce daga Larabci, kowa ya ji ta ya san laifi ce, haka ma cin hanci da toshiyar baki. Amma alƙalin da aka kai wa rago ana gobe zai yanke hukunci, yana iya rantsewa cewa gaishe shi kawai aka yi.

Malaman ba su tsaya ga wa'azi ba. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499), Almagili ya ba da shawarar a ƙididdige dukiyar ma'aikaci kafin a naɗa shi, a riƙa binciken abin da ya ƙaru, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi wa gwamnoninsa. Ya kuma nemi sarki ya zauna da kansa ya saurari ƙarar raunana, kada fadawa su zama shamaki. Hanyar kai ƙara ke nan, sai dai rauninta a fili yake: mai tsaron ƙofar shi ne sau da yawa ake son kai ƙararsa.

Wajen 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son dukiya da muƙami ya shiga cikin jama'ar jihadi, sai ya nufi gabas da niyyar hijira. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya koma. Bayan kusan shekara ɗari, jikokin yayansa suka bi wannan hanya ta gabas, su ba su dawo ba.

A Mai Wurno, sarauta ta kasance ƙarƙashin Turawan Ingila, kuma ta hannun sarki baƙo yake samun gona da matsuguni. A irin wannan hali, raba gaisuwar ladabi da ta neman alfarma ba ƙaramin aiki ba ne. Gwamnatin Numeiri ta soke mulkin gargajiya a 1971, iko ya koma hannun ma'aikatan gwamnati. A 1989 Sudan ta kafa dokar yaƙi da haramtacciyar dukiya, wadda ta tilasta wa manyan jami'ai bayyana kadarorinsu, kusan abin da Almagili ya nema. A Disambar 2019 wata kotu a Hartum ta yanke wa Umar Albashir, wanda ya hau mulki a shekarar da aka kafa dokar, hukuncin tsarewa na shekara biyu saboda kuɗin ƙasashen waje da aka samu a gidansa.