Makarantun Mishan a Arewacin Kaduna

Sa'ad da Turawa suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, jirgin ƙasa ya yi ta kawo ma'aikata daga Kudu, 'yan Mishan kuwa suka buɗe wa 'ya'yansu makarantu. Ran ɗaukar yara elementare, da yake ba kowa ke da takardar haihuwa ba, akan sa yaro ya ɗora hannu bisa ka ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. In ya kai, a rubuta sunansa, uba ya biya kuɗi. In bai kai ba, sai baɗi.

Da safe a kaɗa ƙararrawa, a yi layi, a duba farce da tufafi, a yi addu'a da waƙa, sa'an nan a shiga karatu da lissafi. Addu'ar nan ita ta sa Musulmi da yawa suka yi ɗari-ɗari: ga son ilmi, ga tsoron kada ɗa ya bar addinin iyayensa.

Yaro mai ƙwazo yakan zarce St. John's, wadda 'yan Katolika suka kafa a 1949, yarinya kuwa St. Faith's ta Kawo, maƙwabciyar Unguwar Dosa. A 1972 Gwamnatin Jiha ta karɓe su duka biyu, St. John's ta zama Kwalejin Rimi.